Vélib' a titin Rivoli: hanya ta yi kyau, keken kuwa sai an tantance

Titin Rivoli ya ratsa tsakiyar birnin Paris, daga unguwar Marais a gabas zuwa dandalin Concorde a yamma. Tsawonsa ya ɗan haura kilomita 3, kuma har farkon 2020 yana cikin titunan da suka fi cunkoso da hayaƙi a birnin. A watan Mayun wannan shekara, da aka sassauta kullen korona, hukumar birni a ƙarƙashin magajiyar gari Anne Hidalgo ta hana motocin gida bi ta kansa. Layi ɗaya aka bari a gefen arewa, na bas da tasi da motocin kai kaya shaguna da na asibiti da na masu lalura, sauran faɗin titin kuwa aka sakar wa kekuna. Da fari cewa aka yi na ɗan lokaci ne, daga baya aka ce ya zauna ke nan.

Baƙon da bai zo da kekensa ba, Vélib' ne abin hawansa a nan, wato kekunan haya na birni da ake cirewa a wannan tasha a mayar a waccan. Hukuncinsa a taƙaice: titin ya fi keken inganci nesa ba kusa ba. Kuɗin haya ba shi da yawa, tashoshi suna ko'ina, amma keken da za ka samu sa'a ce. Minti biyun da za ka ɓata wajen zaɓensa, da minti ɗayan da za ka tsaya wajen mayar da shi, a kansu daɗin tafiyar ko takaicinta ya rataya.

An ƙaddamar da Vélib' ranar 15 ga Yulin 2007, zamanin magajin gari Bertrand Delanoë, da tashoshi 750. Kamfanin allunan talla JCDecaux ne ya riƙe shi shekara goma. A farkon 2018 kwangilar ta koma hannun Smovengo, aka tumɓuke tsofaffin tashoshi aka kawo sababbin kekuna, sai dai sauyin ya zo da tangarɗa. Watanni suka shuɗe tashoshi da yawa ba a gama su ba, wasu ma ba a haɗa su da wutar gari ba, da batir suke aiki, batir na mutuwa kekuna su maƙale. An wuce wannan zamani. Yau tashoshi sun haura 1,400 a Paris da garuruwan kewaye, kekuna kusan 20,000, kimanin kashi 40 cikin ɗari masu lantarki. Kore na ƙarfin ƙafa ne, shuɗi mai lantarki. A 2024 an yi tafiya kusan miliyan 50 a kansu. In ka raba, kowane keke ana hawansa kusan sau bakwai a rana, a waje yake kwana, ruwa da sanyi a kansa, kuma cikin masu hawansa babu wanda ya saye shi da kuɗin aljihunsa. Daga nan yawancin lalacewar ta samo asali.

Tikiti ana sayensa a manhajar Vélib' ko shafinsu na intanet, ko a na'urar da ke wasu tashoshi mai karɓar katin banki. Ba a karɓar tsabar kuɗi. A farashin 2024, tafiya ɗaya ta minti 45 yuro 3 ce, tikitin awa 24 na koren keke yuro 5, na shuɗi yuro 10, na kwana uku yuro 20. A watan Agustan 2025 an sake duba farashi, musamman na masu rajistar shekara, don haka a leƙa manhajar kafin a biya. Don a samu abin awo, tikiti ɗaya na metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, a 2025 yuro 2.50 ne. Wanda zai yi tafiya uku a yini, tikitin yuro 5 ya riga ya fi masa arha.

Inda baƙi suka fi faɗawa rami shi ne ma'anar "awa 24". Ba wai an ba ka keke ka riƙe yini guda ba ne. Dama ce ta ɗauka sau da yawa cikin awa 24, kuma a koren keke minti 30 na farkon kowace tafiya ne kaɗai ke cikin kuɗinka. Daga nan, a farashin 2024, kowane rabin awa yuro 1 ne, shuɗi kuma ya fi haka. Wanda ya ciri kore ƙarfe goma na safe, ya ɗaure shi a ƙofar shago ya shiga cin kasuwa, bai mayar ba sai ƙarfe huɗu na yamma, ya ci rabin awa goma sha biyu, a cire na farko, yuro 11 ke nan a kan biyar ɗin da ya biya. Dabarar ita ce ka mayar da shi duk inda ka tsaya, in ka gama ka ciri wani. Rivoli daga wannan baki zuwa wancan ba ta cin fiye da minti ashirin ko da danja ta tare ka sau da yawa, don haka babu dalilin haura rabin awa a kanta.

Sai jingina. Ana neman yuro 300 a kan katinka, kusan sefa 196,800 ke nan. Ba cirewa ake yi ba, amma wasu bankuna suna riƙe kuɗin na kwanaki kafin su sake shi, kuma katin da babu wannan adadi a cikinsa, ko wanda banki ya yanke masa iyakar kashewa a ƙasar waje, kamar yadda bankunan Najeriya suka sha yi wa katin naira, ƙin sa za a yi ba tare da wani bayani mai gamsarwa ba. Matafiyin da ya dogara da kati ɗaya ya yi wannan lissafi tun kafin ya tsaya gaban tasha. In an gama biya za a ba ka lamba mai alƙaluma takwas, kai kuma ka zaɓi lambar sirri mai huɗu. Rubuta ta takwas ɗin a takarda. Wannan ɗaya ne daga cikin abubuwan yabon tsarin: keken ba ya buƙatar waya kafin ya buɗe, ko cajinka ya ƙare lambobin nan biyu sun ishe ka.

Yanzu ga ka a tasha, kekuna jere kowanne ƙafarsa ta gaba cikin turkensa. Fara duba sirdi. Duk keken da ka ga an juya sirdinsa yana kallon baya, wani ne ya hau ya ga ya lalace, ya bar wa na bayansa alama. Babu hukumar da ta kafa wannan doka, al'ada ce ta mutanen Paris tun zamanin tsofaffin kekuna, kuma ta fi manhajar gaskiya. Wuce shi. Wanda ka tsaya a kansa, danna tayar gaba da ta baya da babban yatsa, faci shi ne cutar da ta fi yawa. Matse birki biyu: in hannun birkin ya tafi har ya taɓa mariƙi, waya ta saki, ba zai tsayar da kai a kan lokaci ba. Juya feda baya da ƙafa, ka ji ko sarƙa tana kan haƙoranta, don sarƙar da ta zame ba ta gyaruwa da hannu cikin sauƙi, a rufe take. Ɗaga bayan keken ta sirdi ka murza tayar, in tana rawa hagu da dama ko tana gogar murfinta, bari. Buɗe maɗaurin sirdi ka daidaita tsayinsa da ƙugunka, ka rufe, ka danna shi da tafin hannu da ƙarfi. Sirdin da ya nutse yanzu, a tsakiyar titi ma nutsewa zai yi, ka koma tuƙi gwiwa na dukan ƙirji. A ƙarshe danna maɓallin da ke da alamar ✓ a ɗan allon da ke tsakiyar kan keken, wanda suke kira V-Box. Allon da bai farka ba, kekensa ba zai fita ba.

Manhajar tana nuna taurarin da mahaya suka ba kowane keke, daga ɗaya zuwa uku, ta lambar da ke jikinsa. Yana taimakawa, amma labarin jiya ne. Abin da ya fi yaudara shi ne ƙidayarta. Ta ce akwai kekuna biyu a tasha mai turke talatin da ƙarfe tara na safe, ka yi tafiyar minti biyar a ƙasa, ka tarar da biyun nan, ɗaya babu iska ɗaya babu feda. Da lafiyarsu ƙalau da tuni an tafi da su. Tashar da ke da goma sha wani abu ita ce abin nufa, ko ta fi nisa kaɗan.

Buɗewa ba ta da wuya. Farkar da allon, shigar da lamba takwas, tabbatar, shigar da huɗu, ka jira ya nuna GO, sannan ka jawo keken baya a miƙe da ɗan ƙarfi. In ya cije, tura shi gaba kaɗan ka sake ja, kada ka yi ta fizga. Mita hamsin na farko gwaji ne. Giya uku ce, a cikin cibiyar ƙafar baya take, ana murza ta a mariƙin dama, kuma irinta ta fi shiga in ka ɗan dakatar da feda ko kana tsaye cak, saɓanin keken tsere. In ka ji feda na zillewa babu riƙo, koma ka mayar nan take, ka juya masa sirdi. Gwada birki ɗaya bayan ɗaya ka san na gaba da na baya, don a al'adar Faransa na hagu ne na gaba, wanda hannunsa ya saba da akasin haka yana iya kifewa.

Keken yana da nauyi, ya haura kilo 20, shuɗin kuma ya fi. A Rivoli wannan ba damuwa ba ce, titin shimfiɗe yake kamar faranti, kore ya wadatar. Shuɗin injinsa a ƙafar gaba yake, yana taimakon feda har gudun kilomita 25 a awa sannan ya janye. Amfaninsa a hawan tudun unguwannin Montmartre ko Belleville ne. A kan turke yake caji, don haka wanda aka dawo da shi yanzu-yanzu yana iya zama saura ƙiris, duba allon kafin ka ja. Shuɗin da batirinsa ya mutu a hanya ya fi kore wahala sau biyu. Ƙirar firam ɗin ta sauka ƙasa, babu sandar tsakiya, mai jallabiya ko abaya zai hau ba sai ya ɗaga ƙafa sama ba. Duk da haka a tattare bakin riga a zauna a kai, a cusa jelar gyale cikin riga. Murfin tayar baya bai rufe wayoyin ƙafar duka ba. Babbar riga kuwa a ninke ta a sa a kwando.

Ka taso daga tashar metiro ta Saint-Paul, bakin titin na gabas, ka nufi yamma. Abin da za ka fara lura da shi shi ne shiru: ƙarar sarƙa, ƙararrawa, bas ɗaya-ɗaya. Faɗin ya ishi mutum biyu su jera suna hira wani ya wuce su. Katafaren shagon BHV yana dama, fadar magajin gari, wato Hôtel de Ville, tana hagu. Gaba kaɗan hasumiyar Saint-Jacques, kuma a nan ne wurin da ya fi ko'ina buƙatar natsuwa, mahaɗar Rivoli da titin Sébastopol, inda manyan hanyoyin keke biyu suka gamu. Da safe tsakanin takwas da tara da rabi, da kuma yamma daga biyar da rabi zuwa bakwai, kekuna sukan taru a danja kamar garke a bakin rijiya, masu kai abinci a kan kekunan lantarki suna kutsawa ta kowace kafa, masu kekunan ɗaukar yara suna neman wurin juyawa. Ƙa'idar zaman lafiya a nan ita ce ka riƙe damarka, kada ka tsaya kwatsam a tsakiya, in za ka ratse ka miƙa hannu tun da wuri ka waiwaya. Wanda bai saba ba ya zo tsakanin sha ɗaya na safe da huɗu na yamma, ko safiyar Lahadi.

Bayan dandalin Châtelet sai shagon Samaritaine da bangonsa na gilashi mai lanƙwasa, wanda aka sake buɗewa a 2021 bayan shekara goma sha shida a rufe. Daga nan gidan tarihi na Louvre, sai lambun Tuileries. A wannan yanki akwai wani aibi na tsarin titin da mai sayayya zai ji a jikinsa: hanyar keke tana kudu, jikin bangon Louvre da shingen lambu, shagunan kuwa duk suna arewa a ƙarƙashin dogayen rumfunan dutse. Kafin ka kai gare su sai ka tsallake layin bas da tasi. Kada ka yanka kai tsaye. Sauka a mashigin masu tafiya a ƙasa ka tura. Concorde kuma, ƙarshen titin, daɓen duwatsu ne masu santsi in an yi ruwa, ga motoci ta kowace fuska. Sabon mahayi ya ajiye kekensa kafin ya kai can.

Akwai gaskiyar da masu yabon Rivoli ba su cika faɗa ba. An kori motoci, amma titin bai zama na masu tafiya a ƙasa ba, babbar hanyar kekuna ya zama. Mai tsallakawa a da fuska ɗaya yake kallo, yanzu sai ya kalli layin bas, ya kalli kekuna masu zuwa yamma, ya kalli masu zuwa gabas, kuma keke ba ya ƙara balle kunne ya gargaɗe shi. Mahaya da yawa ba sa tsayawa a jar danja. Tsoho mai sanda, makaho, uwa mai tura keken jariri, su ne suka fi shan wahalar wannan. Wani bincike na cibiyar nazari ta Institut Paris Région da aka fitar a 2024 ya nuna cewa a cikin birnin kashi 11.2 na zirga-zirga a keke ake yi, mota kashi 4.3, tafiyar ƙasa kuwa ta haura rabi. Masu ƙafa ne suka fi yawa, amma a Rivoli dakalinsu bai ƙaru yadda hanyar keke ta ƙaru ba. Ranar Asabar tsakanin BHV da Châtelet sai ka ga mutane suna gogar kafaɗa a gefe, suna zubowa kan hanyar keke don dole.

Mai son ganin titin kasuwa da aka mayar na ƙafa da gaske ya je titin Montorgueil, arewa da unguwar Les Halles. Masu kifi, masu cuku, masu 'ya'yan itace, da gidan burodin Stohrer da ke nan tun 1730, teburan shayi sun fito har tsakiyar hanya. Doka ta yarda keke ya bi irin wannan titi, amma da saurin mai tafiya a ƙasa, kuma mai ƙafa ne ke da gaba. A aikace, da rana tsaka, tura keke mai kilo ashirin cikin wannan taro wahalar banza ce. Ajiye shi a tasha ka shiga da ƙafarka. Wanda kuma yake son ya fara koyon hannu, ya gangara bakin kogin Seine, tsohuwar hanyar motoci ta Georges-Pompidou da aka rufe a 2016. Tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da Rivoli, babu danja babu bas, sai dai in kogi ya cika a lokacin sanyi akan rufe ta.

Ta fuskar sayayya, Vélib' na mai ƙaramin kaya ne. Kwando ɗaya ne a gaba, babu kariyar ɗora kaya a baya. Zai ɗauki jakar hannu, ko kwalin takalmi da ledar riga. In kaya ya yi nauyi kan keken yakan rinjaya, juyawa ta yi wuya, rataye leda a mariƙi kuma neman faɗuwa ne, tana iya shiga ƙafar gaba. A sarƙafe hannun jaka a jikin keke, masu fizge ba su ƙare ba. Wanda ya zo sari, mai Ghana-mas-go biyu, ya nemi tasi, an bar musu layinsu, kuma tunda motocin gida sun fita sun fi saurin isowa. A ƙarƙashin titin ma layin metiro na 1 yana bin sa tun daga Saint-Paul har Concorde, tasha bakwai. 'Yan kasuwar da suka yi ƙorafin rufe titin, yawanci a kan irin wannan mai saye suke magana, wanda ke zuwa da motarsa daga wajen gari ya loda kaya. Ƙorafin yana da tushe ga mai sayar da kayan ɗaki ko kayan gini. Ga mai sayar da tufafi da turare da abinci, mai keke da mai ƙafa sun fi saurin tsayawa su leƙa fiye da direban da ke neman wurin ajiye mota. Tun Nuwamban 2024 an ƙara da hana motoci ratsa gundumomi huɗu na tsakiyar birnin in wucewa kawai za su yi, amma mai zuwa shago ko asibiti ko gida a ciki yana da izinin shiga.

Akwai wayar ƙarfe a cikin kan keken da ake zarowa a ɗaure shi na ɗan lokaci a wajen tasha. Tana aiki, amma agogo bai tsaya ba, kuma in aka sace shi a wuyanka yake. Don sayen ruwa ko burodi ta yi, ba don shiga BHV ba.

Mayarwa ita ce inda kuɗi ke zubewa. Makullin a cikin ƙarfen da ya riƙe ƙafar gaba yake, dole ya shige turke har ƙarshe. Daidaita keken a miƙe, tura da ƙarfi, sannan ka tsaya. Za ka ji ƙara sau biyu, allon ya nuna STOP. Ja keken baya ka tabbatar ya kamu. In allon ya nuna wata alama dabam, ko ya yi shiru, fito da shi ka gwada wani turken, don wani lokaci turken ne ya lalace ba keken ba. Wanda ya tura ya juya baya yana sauri, yana iya barin keken da bai kulle ba, ko wanda ya kulle amma na'ura ba ta rubuta ba. A na farko wani ya zo ya ja shi da sunanka, a na biyu agogo ya yi ta gudu, kuma ba za ka iya ɗaukar wani ba tunda a wurinsu har yanzu kana kan hanya. Hoton allon da lambar keken da na turken, daƙiƙa biyar ne, kuma shi ne hujjarka in ta kai ga kiran ofishinsu. Buɗe manhaja ka ga tafiyar ta rufe kafin ka bar wurin.

Sai matsalar da ba ta da magani har yau: tasha cike. Da safe jama'a na gangarowa daga tudun arewa da gabas zuwa tsakiyar gari, kekuna su taru a ƙasa, tashoshin Montmartre da Belleville da Ménilmontant su zama wayam, na kewayen Rivoli su cika maƙil. Kamfanin yana kwasa da motoci yana rarrabawa, yana kuma ba masu rajista ladan mintoci in sun kai keke tashar da ta bushe, amma gangara ta fi ƙarfinsu. Ka iso Hôtel de Ville ana saura minti huɗu rabin awarka ta cika, babu turke ko ɗaya, ka zaga ta biyu ita ma haka. Saboda wannan, tun kana minti na ashirin ka tsaya gefe ka duba inda ke da gurbi, ka riƙe tasha biyu a ranka, kuma wadda ke lungu ta fi wadda ke bakin babban titi samun wuri. Mai jirgin ƙasan da zai kama a tashar Gare du Nord, ko mai ganawa a ofishin jakadanci, kada ya jingina lokacinsa da Vélib'.

Dokokin hanya suna da tara mai zafi. Tsallake jar danja yuro 135, riƙe waya ko sa abin ji a kunne yuro 135, hawa dakalin masu ƙafa shi ma haka. A jikin wasu danjoji akwai ƙaramin allo mai kusurwa uku da hoton keke ruwan ɗorawa da kibiya: shi ne izinin wucewa a ja ta fuskar da kibiyar ta nuna, bayan ka ba masu ƙafa hanya. Inda babu shi, tsayawa ce. Alamar hana shiga da aka rubuta "sauf vélo" a ƙasanta tana nufin keke na iya bin titin ta baibai. Hular kwano wajibi ce ga yara 'yan ƙasa da shekara 12 kawai, Vélib' ba ya ba da ita, kuma ba a ba wanda bai kai 14 ba haya. Tun ƙarshen Agustan 2021 gudun mota a yawancin titunan birnin bai wuce kilomita 30 a awa ba, abin da ya rage fargaba sosai. Haɗarin da ya fi kisa shi ne babbar mota mai juyawa dama. Takardar "angles morts" da ke manne a jikin bas da manyan motoci gargaɗi ne cewa direba ba ya ganin ka a wannan gefe. Kada ka tsaya a damarsu a danja, zauna a baya.

Masu zuwa daga Yamai ko Kano da yawa ba Rivoli ce matsayarsu ta ƙarshe ba, Château Rouge ce, kasuwar titin Dejean da shagunan atamfa da kayan miya na unguwar Goutte d'Or. Daga hasumiyar Saint-Jacques hanyar keke ta miƙe arewa: Sébastopol, Strasbourg ta gaban masu kitso da aski na Château d'Eau, Gare de l'Est, sannan Magenta har Barbès. Rabin farko lafiya lau, an raba shi da motoci. Magenta kuwa hanyar keken siririya ce, a kan dakali ɗaya da masu ƙafa, mutane na fitowa daga bayan bishiya da rumfar jiran bas ba sa kallo, sai a hankali, yatsu a kan birki. Daga Barbès hanya ta fara hawa, a nan shuɗin keke ke biyan kuɗinsa. Zuwa da shi ya yi. Dawowa da buhun gari da galan na manja kuwa, layin metiro na 4 yana nan daga Château Rouge har Châtelet.

Kekunan Lime da Dott da ake ajiyewa ba turke sun fi Vélib' samuwa da lafiyar jiki a mafi yawan lokuta, ba su da ciwon kan tasha cike, amma da minti suke caji, tafiya biyu tana iya cin kuɗin yinin Vélib' gaba ɗaya, kuma ba sa buɗewa sai da waya mai intanet. Ga wanda ya iya keke sosai, yake da katin da zai ɗauki jingina, kayansa ba su wuce kwando ba, kuma ba a jiran sa a wani wuri da ƙarfe kaza daidai, tikitin koren keke na awa 24 shi ne mafi arhar hanyar cin kasuwar tsakiyar Paris, kuma mafi daɗi in rana ta fito. Wanda rabonsa da keke tun yana makarantar firamare, ya fara da bakin kogi da safe, in ya ji hannunsa ya zauna sai ya hau Rivoli daga Saint-Paul, ya ajiye a Louvre.